Mun Rushe Soro, Mun Gina Tanderu

Shekara tara ke nan da na rushe ɗakin mahaifiyata. Soro ne na ƙasa a cikin gidanmu na gado, kakana ne ya sa aka gina shi, kaurin bangonsa daga tushe ya haura kamu guda. A lokacin an yi mini ƙarin girma a wurin aiki, an kuma biya ni wasu kuɗaɗe da suka daɗe a maƙale, sai na ga ai abin kunya ne a ce ina koyarwa a jami'a, ana kira na Dakta, amma uwata tana kwana a ɗakin ƙasa. Na ɗauko birkila, aka kawo bulo mai inci shida, aka buga kwano, aka sa silin da tayil da taga mai gilashi. 'Yan uwa suka yi ta zuwa kallo suna sa albarka, ni kuma ina jin na fita kunya.

Da bazarar farko ta kama, na je gaishe ta wata ranar Asabar bayan azahar, ban same ta a sabon ɗakin ba. Can na tarar da ita a wani tsohon ɗakin ƙasa da ake ajiye buhunan hatsi, wanda kuɗina bai kai in rushe ba, ta shimfiɗa tabarma tsakanin buhuna tana jan carbi. Na ce, "Hajiya, lafiya kika baro ɗakinki?" Ta yi murmushi ta ce, "Malam, Allah Ya yi maka albarka, ɗaki ya yi kyau. Amma daga hantsi zuwa la'asar ba na mutane ba ne, na gashin gurasa ne."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, darasin yanayi da muhalli nake koyarwa. Duk shekara ina tsayawa gaban ɗalibai ina zana musu yadda zafin rana yake ratsa abubuwa daban-daban, amma da na tashi yi wa mahaifiyata gini ban tuna da ko layi ɗaya na abin da nake koyarwa ba. Abin da na tuna kawai shi ne abin da mutane za su ce.

Bari in yi wa mai karatu bayanin abin da ya faru da ɗakin nan, domin shi ne yake faruwa da miliyoyin ɗakuna daga Sakkwato zuwa Maiduguri. A wannan yanki namu akwai tazara mai yawa tsakanin zafin rana da sanyin dare, musamman a rani. Bango mai kauri na ƙasa yana shan zafin a hankali, kamar yadda randa take shan ruwa. Rana ta yini tana dukan sa daga waje, amma kafin zafin ya ratsa ya iso ciki an ɗauki sa'o'i masu yawa, rana ta riga ta yi sanyi. Da dare kuma bangon ya amayar da abin da ya sha, iskar asuba ta sanyaya shi, gari ya waye ya sake sabon lale. Rufin soro, wanda shi ma ƙasa ce a kan azara, haka yake yi, kuma aikinsa ya fi na bango muhimmanci, saboda a kusa da tsakiyar duniya inda muke, rana a tsaye take dukan gini ta ka. Kwano kuwa ba ya ɓoye komai. Da rana ta taɓa shi ya ɗau zafi nan take, ya juye shi cikin ɗaki. Silin ɗin da muke sawa a ƙarƙashinsa yana rage kaifin, amma idan babu kafar da iska mai zafi za ta fita tsakanin kwanon da silin, wurin ya zama rumbun zafi a kan mai ɗaki. Bulon siminti mai rami a ciki ba shi da kaurin da zai jinkirta komai, gilashi kuma yana barin hasken rana ya shiga, ya hana zafin fita. Na haɗa wa Hajiya duka ukun a ɗaki guda.

Ba na so a ɗauka cewa soro aljannar duniya ne. Duk wanda ya tashi a cikinsa ya san cewa a tsakiyar bazara, daren soro yana da nauyi, domin a lokacin ne bango yake sakin zafinsa. Amma tsarin gidan ya san da haka, ya kuma yi tanadi. Da rana ana cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa, da dare a fito tsakar gida, maza su kwanta a ƙofar zaure, wasu su hau saman soro. Gidan Bahaushe na dā ɗakuna ne da fili da bishiya da katanga, kowanne da lokacinsa a cikin yini da kuma cikin shekara. Mu yanzu mukan sayi fili ƙafa 50 da 50, mu cike shi da gini daga iyaka zuwa iyaka, mu zuba siminti a ɗan abin da ya rage, mu sare darbejiyar ƙofar gida saboda wai tana zubar da ganye a kan mota. Sannan mu zauna jiran wuta.

Jiran kuwa ya yi tsada. A watan Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin tayar da janareta ya ninka. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki ga masu rukunin farko daga Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni. A farkon wannan watan ne kuma ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, wanda yake kan ɗamarar Sahel ɗaya da mu. A wannan shekarar dai buhun siminti ya haura Naira 10,000. Wato kayan da muke gini da su sun yi tsada, abin da zai sa a iya zama cikin ginin ya yi tsada, zafin kuma ƙaruwa yake yi. Shi kansa simintin yana da hannu a ƙaruwar, domin masana'antunsa suna fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam yake turawa sama a duniya.

Abin da muka watsar ilimi ne cikakke, mai ƙa'idoji da shugabanni. Kowane babban gari yana da Sarkin Magina. Magini ya san ramin da ƙasarsa take da danƙo da wanda tata take da yashi, ya san kwana nawa za a bar kwaɓin ƙasa da ciyawa ya ruɓa kafin a mulmula tubali. Ya san azarar giginya gara ba ta cin ta, ya kuma san ba ta ɗaukar nauyin rufi idan faɗin ya wuce misalin ƙafa shida, shi ya sa ya ƙirƙiro dabarar jera ta hawa-hawa cikin ƙasa har ta zama bakan gizo, a samu ɗaki mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas ya fi shan yaɓe. Yana dafa makuba daga ɓawon ɗorawa don ruwa ya riƙa zamewa a jikin bango. Yana haɗa laso daga katsin marina da gashin majema da dafara, wato sharar masu sana'a biyu ta zama rufin da ba ya yoyo. Indararo kuma ya cilla ruwa nesa da gindin gini. Wanda yake son ganin ƙololuwar wannan ilimi ya je Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kusan shekara 190 da suka wuce. A shekarun 1970 an lulluɓe shi da ginin zamani daga waje, amma ginshiƙan da bakunan suna nan a ciki. Masanin nan ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya kwashe shekaru yana auna gine-ginen nan yana zana su, har aka yi kwatankwacin masallacin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Abin lura a nan shi ne inda muka ajiye ilimin: a gidan tarihi.

To, amma mutane ba wawaye ba ne, ba kuma son burga kaɗai ya raba su da ƙasa ba. Na san wannan domin na tashi ina ɗaukar kwandon ƙasa duk ƙarshen rani ana yaɓe. Ginin ƙasa yana son kulawa kowace shekara, idan aka yi sakaci damina biyu sai ya fara zaizayewa. A dā gayya ake yi, maƙwabta su taru, a dafa abinci, a gama cikin kwana biyu. Yau kowa yana wurin neman na kansa, lebura kuma kuɗi yake so. Duk damina muna jin labarin katangar ƙasa ta faɗa wa iyali cikin dare, yawanci saboda ruwa ya kwanta a gindinta. Giginya ta yi ƙaranci, azara mai kyau ta zama kayan masu hali. Ramukan da ake haƙar ƙasa sun zama kududdufai masu sauro, ko da yake, a matsayina na mai nazarin muhalli, ina da ƙorafi a kan yadda ake cike su ana gini a kai, domin su ne suke shanye ruwan unguwa, kuma inda aka cike su ambaliya takan biyo baya. Wannan zance ne na wata rana. Abin da nake nufi shi ne, duk mai cewa a koma gini irin na kakanni sak, bai taɓa kwana a ɗaki mai yoyo ba.

Tambayar da ta dace ita ce, ko za a iya riƙe abin da ƙasa take yi da kyau a gyara abin da take gazawa. An riga an amsa ta, kuma ba a nesa ba.

A yankin Tawa na Jamhuriyar Nijar akwai wani gari da ake kira Yama. A shekarar 1962 mutanen garin suka ɗora wa wani manomi kuma magini, Alhaji Falke Barmu, aikin gina musu masallacin Juma'a. Kowa ya kawo abin da zai iya, wani tubali, wani ruwa, wani itace. Daga 1975 ya sake rufin da bakuna da tulluwa, ya ƙara hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, kowace da irin surarta, aka kammala a 1982. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda take cikin manyan kyaututtukan wannan fanni a duniya. Bahaushen ƙauye ne da bai shiga ajin koyon zane ba, kuma ina shakkar ko ɗalibi ɗaya cikin goma a sassan koyar da gine-gine na jami'o'inmu ya taɓa jin sunansa.

Shi wannan Falke Barmu ne ya gina tsohon masallacin Dandaji, wani gari a yankin. Da masallacin ya tsufa ya kuma yi wa jama'a kaɗan, aka fara maganar rushe shi a yi na siminti, kamar dai yadda na yi wa ɗakin Hajiya. A nan ne Mariam Issoufou ta shigo, 'yar Nijar wadda mahaifinta ɗan garin ne, wadda ta fara da karatun kwamfuta a Amurka kafin ta koma zanen gine-gine. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, 'yar Iran, suka ba da shawarar a bar tsohon masallacin a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabo a gefensa mai ɗaukar mutum 1,000. Aka kira maginan da suka yi aikin farko suka shiga gyaran. Sabon kuwa da jar ƙasar yankin aka yi shi, amma ba tubalin hannu ba: bulo ne da ake danne shi da inji bayan an ɗan surka shi da siminti kaɗan, ya fito da kusurwa huɗu, ya yi tauri, ba ya bukatar yaɓen shekara-shekara. An yi amfani da kankare a inda nauyi ya bukace shi kawai. An ɗaga rufin sama, an bar kafofin da iska mai zafi za ta fita. Aka gama a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma. Kafin wannan, a 2016, ita da wasu abokan aiki sun gina rukunin gidaje shida a Yamai da irin wannan bulo, mai suna Niamey 2000, benaye ne masu tsakar gida, an yi su ne don ma'aikaci mai matsakaicin samu. Na ambaci wannan ne saboda masu cewa ginin ƙasa na ƙauye ne, ba ya hawa sama, ba ya shiga birni.

Misalin da ya fi taɓa ni kuwa daga Burkina Faso yake, saboda makaranta ce. Diébédo Francis Kéré ɗan mai garin Gando ne, an tura shi karatu yana yaro, ya yi firamare a aji irin wanda duk muka sani: bulon siminti, kwano a kan kai, taga ƙanana, yara cunkushe. Da ya samu damar karatu a Jamus, tun bai gama ba ya tara kuɗi ya dawo ya gina wa ƙauyensu makaranta, aka kammala a 2001. Mutanen garin da farko ba su so ba, sun ce sun tura shi Turai ya dawo musu da laka. Abin da ya yi mai sauƙin fahimta ne. Bangon na bulon ƙasa ne. Silin ma na bulon ƙasa ne. Kwano yana nan, bai yi gaba da shi ba, amma ya ɗaga shi sama a kan ƙarafan rodi, ya bar sarari tsakaninsa da silin yadda iska za ta riƙa ratsawa tana kwashe zafin, ya kuma faɗaɗa shi ya zarce bango sosai, ya zama laima ga ginin, rana ba ta dukan bango, ruwan sama ma haka. Da wannan dabara ɗaya ya magance manyan laifuffukan kayan biyu: zafin kwano da zaizayar ƙasa. Makarantar ta ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a wannan sana'a.

Ko matsalar azara an taɓa ta. Tun shekarun 1980 ake koya wa magina a Nijar yin rufin tulluwa da na baka da tubali zalla, babu itace ko ɗaya, dabarar da ta samo asali daga mutanen Nuba na kudancin Masar, wadda Hasan Fathi ya farfaɗo da ita a ƙarnin da ya wuce.

Me ya hana mu? Ba ƙasa muka rasa ba, jar ƙasa ce shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ba inji muka rasa ba, Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya ta daɗe da ƙera injin danne bulon ƙasa. A ganina abin da ya hana mu ya fi yawa a cikin kai. Mun haɗa ƙasa da talauci, har ta kai idan ana kwatanta rashin mutum sai a ce gidansa ma na ƙasa ne. Mai neman aure ya san abin da dangin yarinya za su duba. Kuma muddin talaka ne kaɗai yake zaune a ginin ƙasa, babu lacca ko maƙalar da za ta canza wannan, har da wadda kake karantawa. Mutane suna kwaikwayon wanda suke ganin ya fi su ne. Ranar da attajiri ya gina gidansa da bulon jar ƙasa a unguwar masu kuɗi, ranar da aka yi sakatariyar ƙaramar hukuma ko masallacin Juma'a da shi, ranar ce birkila zai fara koyon sa ba tare da an roƙe shi ba.

Shi ya sa nake ganin nauyin farko yana kan gwamnatocin jihohi, domin su ne manyan masu gini. Kowace shekara ana ba da kwangilar ajujuwa da ƙananan asibitoci, kusan duka da zane iri ɗaya, ko a ina filin yake, ko ina ya fuskanta. Ka shiga ajin firamare da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, kwano a kan yara ba silin, ka gaya mini wane lissafi ne zai shiga kansu. Mu ma a jami'a ba mu tsira ba. Akwai ɗakin lacca da nake koyarwa a ciki, sabon gini ne mai gilashi daga sama har ƙasa ta ɓangaren yamma, an zana shi bisa zaton na'urar sanyaya ɗaki za ta yi ta aiki dare da rana. Idan aka ɗauke wuta, wanda shi ne mafi yawan lokaci, sai mu kwashe kujeru mu koma gindin maina. Canza zanen aji bai bukatar sabuwar doka. Dogayen ɓangarorin ginin su fuskanci kudu da arewa, gajerun su kalli gabas da yamma. A yi tushe da dutse ko kankare a ɗaga shi sama da inda ruwa yake kwanciya. A ɗaga kwano, a faɗaɗa shi, a bar wa iska hanya. A sa tagogi suna kallon juna. A dasa itatuwa kafin a kafa harsashi. Mafi yawan waɗannan ba su ƙara ko kwabo a kan kuɗin kwangila, tunani kawai suke bukata kafin a fara haƙa.

Mu malamai kuma muna da namu laifin. Ɗalibi yakan gama digiri ya san gine-ginen Girka da Rum da na Amurka, bai taɓa yini ɗaya tare da maginin gargajiya ba, ga su kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ban ga abin da zai hana a gayyato Sarkin Magina ya koyar a jami'a a biya shi kamar yadda ake biyan kowane baƙon malami ba.

A hutun da ya wuce na je neman maginin da yake yi mana yaɓe muna yara. Na tarar ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, 'ya'yansa biyu duk birkiloli ne, babu wanda ya iya ɗaurin baka a cikinsu. Na ba shi labarin ɗakin Hajiya, na ce, "Baba, yanzu mene ne abin yi?" Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ɗan Malam, lokacin da kuke rushewa ina wucewa na gani, ban ce komai ba, don mai kuɗi ba a ba shi shawara." Daga nan ya tambaye ni ina ɗakin ya fuskanta, da na ce tagar tana yamma sai ya girgiza kai.

Mun yi shawara da babban ɗansa. Ba za mu sake rushewa ba, ba ni da kuɗin, kuma Hajiya ta ce ta gaji da ƙura. Za mu cire kwanon mu ɗaga shi, mu buɗe kafofi a ƙarƙashinsa, mu zarce da shi ya zama rumfa ta yamma, mu ƙara wa bangon yamman layi guda na bulon ƙasa daga waje. Tsohon ya ce a ɗauko shi ranar da za a kwaɓa ƙasar, ko ba ya gani zai taɓa da hannu ya gaya mana idan ta yi. Darbejiya biyu da na dasa bara sun kai ƙugu. Hajiya dai har yanzu tana can tsakanin buhunan hatsi daga hantsi zuwa la'asar, ta ma sa an kai mata randarta can.